Toka da kanwa za su riƙe mini gida kuwa, ko ƙauyanci ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gusau, shekarata biyar a ɗaki, 'ya'yana biyu. Babban yana da shekara huɗu, kuma likita ya ce yana da asma. Duk ranar da na wanke banɗaki da magungunan kanti masu ƙarfin wari, a ranar zai kwana yana tari. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin cefane ba ya kai mu ko'ina, balle a ware na kayan wanke-wanke. Gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana, ita kuma kullum maganarta ɗaya ce: da toka da kanwa suka riƙe gida, mu 'yan zamani mun mai da kuɗi shara. Ni a ganina wannan ƙauyanci ne, kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Na koma kallon bidiyo a waya, na ga ana haɗa khal, wato ruwan tsamin nan na kanti da ake kira binega, da bekin soda. Na gwada, kumfa ya tashi, amma tayil ɗina yana nan yadda yake. Makon jiya haushi ya sa na tuttula khal a kan bilic, ruwan nan na faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, a cikin masai don ya ƙara ƙarfi. Sai da numfashina ya kusa ɗaukewa, na fito ina tari, hawaye na zuba. Hajiya ta ce alhakinta ne ya kama ni. Anti, tsakanina da ita wa ke da gaskiya, kuma da me zan riƙa tsaftace gidana ba tare da na cutar da yaron nan ba?

Wata baiwar Allah, Gusau

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin mu je kan shari'arki da Hajiya, bari in fara da abin da ya tsorata ni a wasiƙarki. Allah ne ya tsare, amma kin yi wasa da ranki. Duk lokacin da bilic ya haɗu da abu mai tsami, khal ne ko lemun tsami ko ruwan tsamiya ko maganin wanke masai na kanti mai cin dauɗa, iskar kulorin ce ke tashi. Ita ce iskar da aka sakar wa sojoji a fagen daga a ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ke kuma kin haɗa ta a ɗan ƙaramin banɗaki, wataƙila ma ƙofa a rufe. Da a ce yaron ya biyo ki ciki, kamar yadda yara ke bin uwa ko'ina, da yanzu wani zancen muke yi. Garin neman gira kin kusa rasa ido. Bilic ba ya da abokin haɗi sai ruwan sanyi. Ko fitsarin da ya taru a masai ma ki fara kore shi da ruwa kafin ki zuba, don shi ma yana tayar da iska mai shaƙe ƙirji. Idan har yau kina jin tari, ko ƙirjinki na ƙara in kin ja numfashi, ki je asibiti ki faɗa wa likita ainihin abin da kika shaƙa, kada kunya ta sa ki ɓoye.

To, yanzu kumfan nan da ya yaudare ki. Ke da kike girki kin riga kin san amsar, ba ki dai lura ba ne. In miyar yakuwa ta yi tsami, me kike sa mata? Ruwan kanwa. Sai ta yi kumfa, ta kwanta, tsamin ya mutu. To khal tsami ne, bekin soda kuwa 'yar uwar kanwa ce. In kin haɗa su a kwano ɗaya, kowanne zai kashe ƙarfin ɗan uwansa, abin da zai rage miki bai wuce ruwa mai ɗan gishiri-gishiri ba. Kumfan yana da daɗin kallo a bidiyo, shi ya sa masu ɗauka ke son sa, amma tayil bai san da zamansa ba.

Daga nan ne ilimin abin gaba ɗaya ya taso. Kayan tsaftar da ke madafinki gida biyu ne. Akwai dangin tsami: lemun tsami, tsamiya, khal. Akwai dangin kanwa: ita kanwar, toka, bekin soda, har da sabulu. Dauɗar gida ma iri biyu ce. Wadda ta fito daga mai da hayaƙi da jikin mutum, wato maiƙo da baƙin tukunya da dattin wuyan riga, dangin kanwa ne ke cin ta. Wadda ruwa ya bari in ya bushe, wato farin ɓawon da ke kama bakin famfo da cikin butar dafa ruwa, da jan tabon tsatsa, da dusashewar tagulla, wannan aikin tsami ne. In kin tsaya gaban datti, tambayi kanki daga ina ya zo, sai ki ɗauko maganinsa shi kaɗai. In wuri yana da iri biyun, yi ɗaya, ki ɗauraye, sannan ki yi ɗayan.

Mu fara da tokar Hajiya, tunda ita ce ta jawo rigimar. Toka ba ƙauyanci ba ce. A cikinta akwai wani gishiri mai kaifi wanda in ya haɗu da mai da ruwa yake rikiɗa ya zama sabulu. Da haka ake yin sabulun salo tun kaka da kakanni: a ƙona ɓawon ayaba ko na koko, a tace ruwan tokar, a dafa shi da mai. Masu rini a marinar Ƙofar Mata a Kano har gobe ba sa raba baba da toka. Don haka in Hajiya ta ɗebi toka ta dirje tukunyar da aka soya nama, sabulu take ƙerawa a jikin tukunyar nan take, ga kuma gari-garin tokar yana kankare baƙin kamar yashi mai laushi. Wannan kam ta fi ki gaskiya, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai ba kowace toka ba. Ki nemi farar tokar itace ko ta gawayi, ki tankaɗe ta da rariya don ki fitar da tsakuwa da ƙusoshi. Tokar murhun da aka hura da leda ko tsohon silifas ko katako mai fenti, ki bar ta a juji. Wannan ɗabi'ar ta hura wuta da leda ta zama ruwan dare a gidajenmu, kuma hayaƙinta kaɗai ya isa ya tayar wa ɗanki da ciwo. In da gas kike girki, mai ƙosai ko mai tuwo-tuwo ta unguwarku za ta ba ki toka cikin bokiti, ta ma gode miki da kika rage mata shara.

Hanya biyu ake amfani da ita. Ta farko, a dama ta da ɗan ruwa ta yi kauri, a shafa a bayan tukunya, a bar ta minti kaɗan, a dirje da soso. Ta biyu, a zuba gwangwani ɗaya na toka a gwangwani huɗu na ruwa, a motsa, a bari ya kwana, da safe a tsiyaye garai-garan da ke sama. Wannan ruwan yana wanke siminti mai maiƙo a gindin murhu, yana jiƙa tsummokaran kicin da suka daskare da mai, yana kuma taimakawa wurin gansakukar makewayi in an haɗa da tsintsiya mai tauri. In kin taɓa shi kin ji santsi a yatsa, ba laushi ba ne, fatarki ce ya fara ci. Ki sa safar hannu ta roba. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na kamar minti 15, sannan a tafi asibiti.

Kanwa ma haka take, har ta fi sauƙin aunawa. Wannan dutsen da fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, ba ɗanwake da miyar kuka kaɗai ya iya ba. Ki jiƙa ɗan gutsure kamar girman goro a ruwan zafi, ki zuba a tukunyar da ƙanzo ya kama, ki bar ta zuwa la'asar, za ki ga ya saki da kansa. Amma ga wani abu da ko Hajiya za ta tabbatar miki: tukunyar dalma, irin wadda maƙera ke zubawa da alminiyam, ba ta son doguwar jiƙa a ruwan kanwa ko na toka. Cikinta baƙi yake yi, ya dusashe. In hakan ta faru, ki tafasa ruwan tsamiya ko ɓawon lemun tsami a ciki, haskenta zai dawo. Tukwanen zamani masu baƙin shafi a ciki, waɗanda abinci ba ya kamawa, su kuma kada toka ko soson ƙarfe ya kusance su, kanƙare shafin za su yi.

A kan soda ina so ki buɗe kunne sosai, don sunan yana rikita mutane a kasuwa. Abu uku ne. Bekin soda ita ce ta goge-goge: mai laushi ce, ana dama ta da ruwa a shafa a kan murhun gas ko farantin da shayi ya rina, ana kuma ajiye ta a buɗaɗɗen kofi cikin firji ta rage wari. Bekin fauda ta kek ce da fanke, an riga an haɗa ta da nata tsamin, asarar kuɗi ce a wanke-wanke. Ta ukun ita ce sodar yin sabulu, wadda mata masu haɗa sabulun ruwa a gida ke saye. Wannan wuta ce. In an narka ta kamanninta ɗaya da ruwan sha, kuma likitocin yara a ƙasar nan sun sha karɓar yaran da suka kurɓe ta maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu sai da tiyata. Gidan da ke da ɗan shekara huɗu da ƙaninsa ba wurin ajiye ta ba ne. In wata ta ce miki ki saya don ta fi ƙarfi, ki ce kin gode.

Dangin tsami aikinsu bai kai haka yawa ba, amma inda suka iya babu mai yi musu. In ruwan burtsatse kuke sha, na san kin ga farin ɓawo a butar dafa ruwa. Zuba rabi khal rabi ruwa, ki tafasa, ki bar shi awa guda, ki zubar, ki sake tafasa ruwa zalla ki zubar. Bakin famfo da kan shawa, ki naɗe su da tsumman da kika tsoma a khal, ki je ki yi wani aikin, ki dawo ki goge. Farin khal na kanti, wanda tsaminsa yake wajen kashi 5 cikin 100, shi ne na wannan aikin. Kada ki ɓarnatar da khal ɗin tuffa mai tsada a kan famfo. Katakon yanka da turmin da ya ɗauki ƙarnin kifi ko tafarnuwa, ki barbaɗa gishiri, ki murza da ɓarin lemun tsami, ki ɗauraye, ki kifa a rana. Tsofaffin tasoshin tagulla kuwa, in Hajiya tana da sauran na kayan ɗakinta, jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan gishiri za su mai da su kamar ranar da aka kawo ta.

Inda tsami ke ɓarna shi ne dutsen mabul da daɓen tarazo da simintin da ke tsakanin tayil. A hankali yake cin su, sheƙin ya tafi, kuma ba ya dawowa. Tayil ɗinki da kika ce yana nan yadda yake, ina zargin ɗaya daga biyu: ko dai sabulun wanka ne da maiƙon jiki suka daskare, wanda ruwan zafi da sabulu da buroshi za su fitar, ko kuma farin ɓawon ruwa ne, wanda ke son khal shi kaɗai na minti goma sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Gwada na farkon, in bai yi ba ki koma na biyun. Wani ƙaramin abu kuma: in kin matse lemun tsami da hannu, ki wanke da sabulu kafin ki fita shanya. Ruwansa in ya haɗu da zafin rana a fata yana barin tabo kamar ƙuna.

Yanzu ga inda ke kika fi Hajiya gaskiya. Wanke datti daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. A ranakun lafiya, sabulu da ruwa da dirza da hasken rana sun ishe ki, don yawancin ƙwayoyin suna bin dattin ne su tafi. Toka ma tana da matsayinta, har ma'aikatan lafiya kan ce a wanke hannu da ita inda babu sabulu. Amma ranar da wani a gidan ya kamu da amai da gudawa, musamman da damina lokacin da kwalara ke yawo, lemun tsami da kanwa ba za su tsare ku ba. Ranar bilic ce. Ki duba jikin kwalbar: in an rubuta kashi 3.5 cikin 100, kofi ɗaya a kofi 16 na ruwan sanyi shi ne daidai na goge ƙasa da masai da bokiti da jiƙa zannuwan mara lafiya. A fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, sannan a shafa, a bar shi minti goma. A haɗa sabo kullum, don wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu. Haka in kin ga kashin ɓera a sito ko bayan buhun hatsi: kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi, ki jiƙa shi da ruwan bilic tukuna. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga gida, kuma ya fi tashi da rani.

Kin ga ke nan ƙaramar kwalba ɗaya za ta daɗe miki, tunda ba kullum za ki taɓa ta ba. In za ki yi amfani da ita, yaron ya tafi makaranta ko ɗakin kakarsa, taga a buɗe, kuma kada ki taɓa juye ta a robar lemo ko ta ruwan sha.

Akwai dalilin da ya sa ku biyun kuke ta saɓani, kuma ba taurin kai ba ne kaɗai. Gidan da Hajiya ta riƙe da toka ba irin naki ba ne. Makewayinsu yana can ƙarshen gida, sama a buɗe, rana na dukansa daga hantsi zuwa la'asar. Ƙasan ɗaki daɓe ne da aka shafe da makuba, kwanuka kuma a kife suke a tsakar gida suna shan rana. Ke kuwa masai yana cikin ɗakin kwananki, a rufe, a jiƙe, taki kaɗan daga inda yara ke barci. Rabin aikin da take yaba wa toka, rana ce da iska suka yi mata shi. Wannan rabin kyauta ne har yau: ki riƙa fitar da katifa da filo da darduma rana duk mako, ki bar ƙofar banɗaki da tagarsa a buɗe bayan wanka, ki shanya soson wanke-wanke da tsumman goge-goge maimakon barin su a dunƙule cikin ruwa. Jiƙaƙƙen tsumman da ya kwana uku a gefen wurin wanke-wanke ya fi masai ɗinki ƙazanta.

Game da yaron, zan faɗi abin da na san ba zai yi wa mata da yawa daɗi ba. Kin ɗora laifin duka a kan magungunan kanti, kuma suna da nasu kason, musamman na fesawa. Amma turaren wuta fa? Mu mata mun ɗauki ƙamshi a matsayin shaidar tsafta, ɗakin da bai sha turare ba kamar ba a share shi ba ne. Ƙirjin mai asma bai san bambancin hayaƙin sandal da na leda ba, hayaƙi dai hayaƙi ne. Maganin sauro na kunnawa ma haka. Ban ce ki daina turare ba, na san ba za ki daina ba, ni ma ban daina ba. Ki yi shi lokacin da ba ya nan, ki buɗe tagogi kafin ya dawo, ɗakin da yake kwana kuma a bar shi da gidan sauro kawai. Da hunturu ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge kayan ɗaki da tsumma mai danshi maimakon kaɗe su, kuma ya fita kafin ki ɗauki tsintsiya. Kyankyasai da hunhunar bango su ma suna tayar da asma, don haka toshe ramuka da rufe abinci da hana ruwa kwanciya sun fi kowane ƙamshi amfani a wurinsa. Busasshen ganyen darbejiya a cikin akwatin kaya yana rage ƙwari, amma kada ki sa ran zai kori kyankyasan da suka riga suka yi gida. In kun koma asibiti, ki lissafa wa likita abubuwan da kika lura suna tayar masa da tarin, kuma abin shaƙarsa ya kasance inda hannu zai kai cikin dare.

Maganar alhaki da Hajiya ta yi, ki bar ta ta wuce. Tsoro ne ya fito da ita a haka, ta ga surukarta ta fito tana haki ba ta san me za ta ce ba. Kada ki kai ƙara wurin maigida, kada kuma ki je mata da wannan amsar tawa kina cewa ga shi an ce ta yi kuskure a kan kashe ƙwayoyin cuta. Ranar da kika samo tokar, ki kai mata ki ce, "Hajiya, ni fa ban iya tace ruwan tokar nan ba, ki nuna mini yadda kuke yi." Za ta nuna miki, za ta haɗa da labarin gidan da ta taso da irin tukwanen da ta wanke, ke dai ki saurara. In hira ta yi daɗi, sai ki sako zancen turaren wuta da jikanta, ki ce likita ya ce a nisanta shi da hayaƙi, ki tambaye ta yadda take ganin za a yi. Kwalbar bilic kuma ki sa ta a saman kabad inda yara ba sa kaiwa, khal ɗin yana can kicin, kada su ƙara zama a ɗaki ɗaya.